Matar da Ke Tono Ciwon Tsofaffin Shifa

A unguwar Shifa, can kudancin Riyad, idan aka ce wa dattijon Bahaushe Hajiya Bilƙisu za ta zo gaishe shi da la'asar, abin da yake fara yi shi ne ɓoye ledar magungunansa. Wani ya cusa ƙarƙashin katifa, wani bayan buhun shinkafa. Akwai tsohuwar da ta jefa tata cikin injin wanki ta manta, aka haɗa da kayan jikoki aka wanke. Duk wahalar banza ce. Bilƙisu za ta shigo ta gaisa, ta sha shayi, ta yi magariba a gidan, kafin ta saɓa jakarta ta riga ta san abin da ke cin mutum fiye da 'ya'yan da ya haifa.

Ba likita ba ce, ba kuma ma'aikaciyar jinya ba. 'Yar Malumfashi ce, doguwa, muryarta ba ta san raɗa ba, karatunta bai wuce allo da aji huɗu na firamare ba. A shekarar 1993 ta iso Riyad, ta biyo mijinta Malam Sha'aban, wanda yake tuƙa motar ɗaukar kaya a wani kamfanin kujeru da gadaje. Larabcinta a kan bencin asibiti ta koye shi, da farko saboda 'ya'yanta, daga baya saboda na maƙwabta. Duk matar da ta zo sabuwa, ba ta san yadda za ta ce wa likita cikinta na murɗawa ba, Bilƙisu ake nemo mata. Larabci ne mai kaushi, irin na direbobi da masu shara. Ɗaliban jami'a in sun ji ta sai su sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya, amma ranar da matar ɗayansu ta fara naƙuda, ba littafin nahawu yake nema ba, lambar Hajiya yake nema.

Da haka ta san asibitocin garin ciki da bai. Ta san wanda ake shiga a fito kafin azahar, ta san wanda sai an tafi da abinci. Ta kuma san tagar nan da kowa yake tsoro, inda ake miƙa katin inshorar lafiya, ta'amin a bakin mutanen wurin, a koma gefe a jira kamfanin inshora ya ce ya yarda ko bai yarda ba.

A wannan tagar aka taɓa kashe mata baki, sau ɗaya tak, a shekarar 2013.

Wani bawan Allah ne, Mamane, mutumin Maraɗi mai ɗan shagon turare a unguwar Dira, ya samu ikon ɗauko mahaifiyarsa Gogo Mariamou ta zauna tare da shi. Ba a sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, sai da inshora, ta tsoho kuwa tsada gare ta. Yawancin mutane mafi araha suke yanka, wadda amfaninta kawai a buga hatimi a wuce. Mamane bai yi haka ba. Ya takura kansa ya sayi mai kyau, don uwa ce. Aka ba shi takardar da ake bayyana ciwon da mutum yake da shi tun da can, jerin tambayoyi, kowace da gurbin "e" da gurbin "a'a". Ya zo ya durƙusa gaban tsohuwa ya ce, "Gogo, akwai abin da ke damunki?" Ta ce, "Ni? Alhamdu lillahi. Ina ci, ina salla, ga ni a ƙasar Annabi. Me zai dame ni?" Shi kuwa ya bi takarda daga sama har ƙasa da "a'a".

To, mu haka muke. Ka je duba mutum yana kwance ko kai ba ya iya ɗagawa, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. A wurinmu lissafa ciwo rashin godiya ne ga Allah, kuma babba ba ya buɗe wa na ƙasa da shi cikinsa. Tarbiyya ce mai kyau, ban musa ba. Sai dai kamfanin inshora ba a Katsina aka rene shi ba.

Bayan wata bakwai ciwon zuciya ya kayar da Gogo. Likita ya duba ya ce wannan ba ciwon jiya ba ne. Da aka matsa, sai ga shi shekara tara tana shan maganin hawan jini, masu zuwa umara suke taho mata da shi daga gida, tana ƙulle shi a gefen zani. Kamfani ya ce ba zai biya kuɗin aikin ba. Bilƙisu ce ta raka su. Ta tsaya a taga ta yi faɗa, ta yi magiya, ta haɗa ma'aikacin da Allah da Annabi. Mutumin ya juyo mata da fuskar kwamfuta kawai, ya ɗora yatsa a kan layin "a'a" ɗin nan, ga sa hannun Mamane a ƙasa. Ta saɓa jakarta ta bar tagar. Ƙarshe gida aka mai da Gogo, kuma ba ta ga ƙarshen daminar shekarar ba.

Abin ya ci Bilƙisu ƙwarai. Kwana uku ta yi tana sakin tsaki ita kaɗai a kicin. Daga nan ta aika wa matan unguwa cewa duk wanda zai cike wa tsohonsa takardar nan, kada ya kuskura ya sa biro sai ta zo.

Ba ta tambayar kowa me ke damunsa, don ta san amsar. Zama take yi ta sa ido. In an kawo shayi tana lura da wanda ya ture sukari, da wanda ya shanye kofi uku na ruwa kafin a gama gaisuwa. Tana duba takalman bakin ƙofa ta ga wanda aka take bayansa saboda ƙafa ta daina shiga. Da gangan take zuwa da la'asar, don magariba ta same ta a gidan ta ga yadda tsohuwa take sauka sujada, da abin da take dafawa in za ta taso. Maza kuwa ta bakin matansu take kama su, ko ta kwandon shara, inda kwalayen magani suke ƙarewa. In duk wannan bai isa ba, sai ta kawo labarin wata ƙawarta da gwiwa ta sa a gaba, da irin ƙwayar da aka ba ta. Ba tsohuwar da take iya jurewa. "Farar aka ba ta? Ai ta banza ce, jar ta fi, ni ita nake sha." Shi ke nan, ta kamu.

Bayan tono sai zaɓe. Inshorar hawa-hawa ce: ta ƙasa, ta tsakiya, da ta manya. Dillalai sukan zo da takardu masu ƙyalli, su yi ta zuba a kan ɗakin kwanciya na mutum ɗaya da wankin haƙori. Bilƙisu takan bari mutum ya gama, sannan ta ce abu biyu take son ji. Ciwon da tsohon nan yake da shi yau, an rubuta, kun karɓa? Asibitin da yake da likitan wannan ciwon, wanda za a kai shi ba sai an ƙetare gari ba, yana cikin jerinku? Ta ce a nuna mata da yatsa. Takan hana mai hali sayen ta manya in ba abin da za ta ƙara masa, takan kuma sa marar hali ya daure ya bar ta ƙasa. In an rubuta gaskiya farashi yana hawa, wannan ba ta ɓoye wa kowa. Akwai dattawan da suka yi fushi har suka daina amsa gaisuwarta, suna ce mata mai tonon silili. Da yawansu daga baya sun aiko mata da dabino. Ko sisi ba ta karɓa a hannun kowa, amma dabinon tana ci, kuma duk wanda ya shigo sai ta faɗa masa wanda ya aiko, don Bilƙisu ba ta iya ɓoye jin daɗi ba.

Duk wannan yawon Malam Sha'aban ne yake kai ta a tsohuwar motarsa, ranakun da ba aiki. Ya sauke ta, ya kwantar da kujera, ya kunna rediyo yana jira. In ta fito ya ce, "Hajiya, yau kuma wa aka tona?" Ta ce, "Wa aka ceta dai." Mutum ne siriri, marar hayaniya, wanda ko shagon kusa zai je sai da riga gogaggiya. Abin alfaharinsa guda ne a duniya: shekara talatin da ɗaya yana tuƙi a Riyad, garin da ake gudu kamar an biyo mutum, ko fentin mota bai taɓa gogewa ba. Ya kai gadaje Dir'iyya tun tana tsofaffin gine-ginen ƙasa da itatuwan dabino, yana nan har aka cika ta da injunan gini. Makullin motar kamfani ba ya barin aljihun gaban rigarsa. Iƙamarsa a kan wannan makullin take, ta Bilƙisu kuma a kan tasa. 'Ya'yansu huɗu duk sun koma Najeriya, ƙananan biyu, Uwais da Muhibba, ba su gama karatu ba.

A ƙarshen shekarar 2017, wata ranar Alhamis, ya dawo da takarda a cikin ambulan. Kamfaninsu ya canza inshora. Manajansu, Abu Nasir, ya ce kowa yana da ta ƙasa kamar kullum, amma waɗanda suka haura sittin, in suna so a ƙara musu zuwa ta gaba, su da matansu, sai a riƙa cire bambancin daga albashi. Sharaɗi dai a cike takardar bayyana ciwo a mayar masa ranar Lahadi. Sha'aban yana da sittin da uku.

Bilƙisu ta karɓi jerin asibitocin ta bi shi da yatsa, a hankali, yadda take karatu. Ta ce ta tsakiya za su ɗauka, domin a cikinta akwai babban asibitin da yake da sashen ido, kuma ba nisa. Ya ɗago ya dube ta. "Sashen ido na mene ne?" Ta ce, "Na ido." Ya tashi ya shiga wanka.

Gaskiyar magana, kusan shekara guda ke nan da ta sani. Ta ga ya fara tsiyaya shayi a gefen kofi. Ta ga ya ajiye Alƙur'aninsa ya ce yanzu da ka yake so ya riƙa yi. Ta ga in rana ta haske gilashin mota sai ya karkata kai yana duba hanya da gefen fuska ɗaya. Matar da take kama tsofaffin unguwa a zama guda ba za ta kasa kama mijinta ba. Amma ta yi shiru. Ta san matsayin makullin nan a wurinsa, ta san abin da zai biyo baya in an karɓe shi. Kuma nauyinsa take ji. Shekara talatin da biyar ko sunansa ba ta taɓa kira ba, da wane baki za ta ce masa idonka ya tafi? Duk ranar da ta fita tana yi wa 'ya'yan mutane faɗa a kan ɓoye-ɓoye, sai ta ji kunya ta kama ta a ciki.

Ranar Juma'a da ya dawo daga masallaci ya ci abinci, sai ya jawo takardar. Shafi ɗaya ce, gefen dama nasa, gefen hagu nata. Bai karanta tambaya ko ɗaya ba. Ya kawo takardar dab da hanci ya nemo layin "a'a", ya bi shi har ƙasa, ya tura mata. "Cike naki." Ta cike nata. Ya miƙo hannu, ba ta ba shi ba.

"Malam, kalandar can ta jikin bango. Karanta mini lambar wayar da ke ƙasanta."

"Wasa za mu yi?"

"To rufe idon dama, ka faɗa mini yatsa nawa na ɗaga."

Bai rufe ba. Ya zuba wa tabarma ido ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin azumin da ya wuce."

"Kika yi shiru."

"Na yi shiru. Wannan laifina ne, Allah ya yafe mini. Ranar nan a shataletalen kasuwa, da ka kusa ɗaukar mai keken nan, na ce maka shi ne bai duba ba. Ƙarya na yi, Malam. Kai ne ba ka gan shi ba."

Sha'aban ba mai ɗaga murya ba ne, ranar ma bai ɗaga ba. "Hajiya, takardar nan ba kamfanin ta'amin za ta fara zuwa ba. Ta teburin Abu Nasir za ta bi, kuma yana karantawa. Direba mai yanar ido, me ake yi da shi? A karɓi makulli, a buga masa huruj, ya tattara ya bar ƙasa. Ni da ke mu sauka Kano da akwati biyu, yaran nan ba su gama makaranta ba. Ki bar ni in ƙara shekara biyu. Hanyoyin garin nan na haddace su."

"Masu tsallaka su fa, su ma ka haddace?"

Ta nuna takardar ta ci gaba.

"In ka kai ta haka, ranar da idon ya rufe duka za su ce ciwon ya daɗe ba ka faɗa ba, ba za su biya ba. Ga ba ido, ga ba makulli. Na tsaya a tagar nan da Mamane, na ga yadda namiji yake komawa in an nuna masa sa hannunsa. Kai ne maigida. In ka ce in ba ka, ga ta. Amma ni ba zan raka ka wannan tagar ba. Ba zan iya ba."

Ta ajiye takardar a gabansa. Ya ɗauka ya ninke ya sa a aljihu, ya zura takalmi ya fita.

Asabar ta zo ta wuce ba wanda ya ce wa wani ci kanka. Ta yi masa miyar busasshiyar kuɓewa da yake so, ya taɓa ya rufe. Ita kuma ranta yana ta kai kawo. Wani lokaci ta ji haushinsa, wani lokaci ta ji haushin bakinta. Ta tuna ita ko keke ba ta taɓa tuƙawa ba, ba ta san me mutum yake ji ba in aka ce masa sana'arsa ta ƙare. Ta tuna kuma in aka ce su tafi, ita ma ta rasa garin da yanzu ta fi sani a kan Malumfashi. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, har ta ƙudura in gari ya waye za ta ce masa ya kai yadda ya cike, Allah ya rufa asiri.

Lahadi da safe ta same shi zaune a falo da rigar aiki, gogaggiya kamar kullum. Kafin ta buɗe baki ya ce, "Kina da wata takardar?" Tana da ita. Tun ranar Alhamis ta sa an yi mata kwafi a shagon ƙasa, don Bilƙisu ba ta yarda da takarda guda ɗaya.

"Zauna. Ke ki rubuta, ni in faɗa."

Ta zauna. Ya gyara zama, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa kamar mai ba da shaida gaban alƙali, yana kallon bango.

"Idon hagu. Yanar ta rufe shi, haske kawai nake gani. Na dama ya fara."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

Biro ya tsaya a hannunta. Ita shekara ɗaya ta sani. Ta rubuta.

"Sai hawan jini. Shekara huɗu. Maganin yana cikin ɗan akwatin gaban motar kamfani."

Wannan kam ko a mafarki ba ta sani ba. Ta ɗago ta dube shi, ta ga gefen bakinsa ya ɗan motsa. Duk tsofaffin Shifa, shi kaɗai ya ɓoye mata leda ya tsira. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka, ta sunkuya ta rubuta. Ta sake cike nata gefen, sannan ta kama yatsansa ta ɗora a inda zai sa hannu.

Bai ɗauki motarsa ba. Ya kira Maiwada, abokin aikinsa, ya zo ya tafi da shi. Ta leƙa ta taga ta ga ya buɗe ƙofar gefen fasinja, ya ɗan tsaya kamar wanda ya ɓata hanya, sannan ya shiga.

Wunin ranar ba ta iya komai ba. Ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Aka kira ta daga wani gida a kan takardar wani tsoho, ta ce su yi haƙuri sai gobe, abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Da la'asar ya dawo. Ya zauna, hannunsa ya tafi aljihun gaba ya dawo ba komai.

Bai ja labarin ba. Ya ce ya shiga ofis ya ajiye takarda da makulli tare a kan tebur. Abu Nasir ya karanta, ya miƙe tsaye, ya yi faɗa har ma'aikata suka leƙo: shekara biyu kana yawo da motata da ido ɗaya? Shi kuwa ya tsaya ya ce haka ne, bai ƙara ba, bai rage ba. Mutumin ya gaji ya zauna, ya daɗe yana juya makullin a hannu. Sannan ya ce ba zai buga masa fita ba. Zai koma sito ya riƙa lura da lodi, albashi zai ragu, motar kuma an ba wani tun yau.

"Ya ce in an gyara idon za a mayar maka?"

"Bai ce ba. Ni ma ban tambaya ba."

Ta tashi ta shiga kicin ta rufe ƙofa, ta yi kukanta mai isarta. Baƙin ciki ne, amma ba shi kaɗai ba. Ta raka mutane da yawa, masu kuɗi da masu ilimi, ba ta taɓa ganin wanda ya ɗauki abin da ya fi so a duniya ya kai da kansa ya ajiye a kan tebur ba, alhali ba kama shi aka yi ba. Kuma mijinta ne. Da ta fito idonta ja wur, amma kanta a sama yake.

Bayan wata biyu aka tura neman amincewar aikin ido. Ita ta tsaya a taga, da abayarta da jakarta, a shirye take ta yi faɗa har a kira masu gadi. Ba a ba ta dama ba. Amsa ta zo an yarda, ma'aikacin ya miƙo takarda ya ce na gaba. Sai da ta ɗan ji haushi, don ta kwana biyu tana tanadin maganganu.

Aka yi na hagu, bayan sati shida aka yi na dama. Makulli dai bai dawo ba. Wanda aka ba da sauran ƙarfinsa, kuma ba wanda ya sake ta da zancen. Sha'aban ya ci gaba da zuwa sito, yana hana 'yan lodi karce kujerun mutane.

Washegarin ranar da aka cire masa bandejin ido na biyu, da hantsi, yana zaune a falo yana bin komai da kallo kamar baƙo. Ya ce fankar nan ta yi ƙura. Ya ce ashe labulen kore ne, shi a zatonsa toka-toka ne. Bilƙisu tana zaune a ƙasa gabansa, ta miƙe ƙafa tana tsince wake a faranti, tana amsa masa da to. Sai ta ji ya yi shiru. Ta ɗago ta ga ƙafafunta yake kallo.

"Hajiya, ƙafarki a kumbure take."

"E."

"Duka biyun. Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"Kwana biyu nawa?"

"Shekara ɗaya da rabi. Ƙoda ce, an ce ta fara gajiya. Ina shan magani. Kullum ina asibiti da mutane, wa zai lura na shiga layi don kaina?"

Fuskarsa ta canza. "Ke da kike tone mutane! Me kika rubuta musu a takardar? Kada dai ki ce mini..."

"Na rubuta, Malam. Layi na shida, gefen hagu. Sau biyu ma, ranar Juma'a da ranar Lahadi. A gabanka takardar take. A ƙarƙashinsa ka sa hannu."

Sabon idon ya kawo ruwa, ta ce kada ya murza, likita ya hana. Bai murza ba, ya bar shi ya zubo. Sannan ya sauko daga kan kujera, ya jawo matashin kai, ya ɗaga ƙafafun nan ɗaya bayan ɗaya ya ɗora a kai.

"Malam, mene ne haka? In wani ya shigo fa?"

"Ya shigo."

Ya jawo farantin waken gabansa ya ci gaba da tsincewa, kuma ko tsakuwa ɗaya bai bari ta wuce ba.